Gwiwar Babana da Tabarmar Mutanen Kawo

Sallama gare ku masu bibiyata, da ku da yau kuka fara leƙowa. Sunana Hansai. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a daminar 1975, ina budurwa, kuma ku yi haƙuri da ni, a hankali nake ba da labari.

Mu biyu ne a gidan, ni da Baba, a kwatas ɗin ma'aikata na Unguwar Sarki. Ɗaki uku da falo, da ɗan kicin a baya. Tun ina ƙarama aka kai ni riƙo wajen kakata a Soba, shi ya sa boko ya wuce ni a lokacin. Da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa sai aka dawo da ni Kaduna in riƙe wa Baba gida, don ya ce shi da aure kuma sai a lahira. Yayana yana karatu a Zariya, sai hutu muke ganinsa. 'Yan matan kwatas kuwa duk 'yan makaranta ne, in sun taru a gindin mangwaro Turanci suke ta fesawa. Ni in na fito shanya sai in gaishe su in koma ciki. Abokan hirata biyu ne a gidan nan: rediyo, da gwiwar Baba.

Kada ku yi dariya, gwiwar nan magana take yi. Baba, wato Malam Datti, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum ne da kalma ke yi wa tsada. Bai taɓa buɗe baki ya ce min yau yana jin ciwo ba. Sai dai in kasa kunne da asuba. In na ji ya sauko daga gado kai tsaye ya nufi buta, na san ranar mai sauƙi ce, koko kawai zan dama. In kuwa na ji gadon ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake ƙara, sannan na ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, to sai in ɗora ruwa a risho, in ɗauko tsumma da man zafi, in jawo masa doguwar kujerar katakon da yake salla a kanta. Wani lokaci sai ya yi makonni lafiya lau, har keke yake hawa. Wani lokaci hadari kawai zai haɗo, gwiwar dama ta kumbura kamar gwanda. Wata rana kuma babu hadari babu komai, ta tashi da kanta. Na yi ta neman ka'idarta ban samu ba.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa: Baba ba ya ɗingishi a waje. Tun da sabuwar gwamnatin soja ta hau ake ta sallamar ma'aikata, an fara da manya ana gangarowa. Sai ka ji a rediyo, wannan tsufa, wancan rashin lafiya, kuma nan take. In an sallame ka, gidan kwatas ma sai ka fita. Don haka ko gwiwar tana ci kamar wuta, Baba zai sa kaftaninsa mai guga, ya miƙe sambal har ya sha kwana. In ya dawo, sai ya turo ƙofa ya rufe, sannan ya dafa bango. Ni kaɗai na san wannan dafa bangon.

Asibitin gwamnati ma ba ya zuwa, wani ɗan asibitin kuɗi nake raka shi duk ƙarshen wata, wajen wani likita Ba'indiye. A bencin asibitin nan muka san Alhaji Ila, mai sayar da kayan mota a tashar Kawo. Gajere ne mai jiki, in yana magana har na bakin titi sai ya ji. Shi ma gwiwa ce ta kawo shi. Ranar da aka ba su hoton ƙashi, ya karɓi na Baba ya haɗa da nasa ya ɗaga wajen taga.

“Malam, duba nan! Likita ya ce tawa ta fi taka lalacewa, ƙashi ke gogar ƙashi. Amma ka gan ni nan, da ƙafata nake zaga tasha tun safe har magariba. Ku 'yan ofis zama ne ya kashe ku.”

Baba ya yi murmushi kawai. Ni na ji sanda likitan ya ce ta bakin tafinta, hoto daban, zafi daban, wani ƙashinsa ya cinye amma yana yawo, wani kaɗan ya taɓu amma ba ya barci. Alhaji dai rabin da ya yi masa daɗi ya riƙe.

Wanda ke kawo shi a basfa ɗan ƙaninsa ne, Nuhu, maraya ne da ya tashi a hannunsa, yana gyaran rediyo a Kawo. Dogo, baƙi, kullum da sukundireba a aljihun gaba kamar alƙalami. Ya daɗe yana kallon filas ɗin da nake rungume da shi kafin wata rana ya yi magana.

“Shayi ne a ciki?”

“Ruwan zafi ne.”

“Zalla? Ko sukari babu? Kai, gidanku akwai rowa.”

Na ja gyale na rufe baki don kar Baba ya ga ina dariya. Ya tambaye ni ko ina jin shirin gaishe-gaishe na yamma, na ce ba ya wuce ni. Ranar Alhamis ina tsince shinkafa sai na ji mai gabatarwa ya ce, “Nuhu mai gyaran rediyo, Kawo, yana gaida mai ruwan zafi ta Unguwar Sarki.” Wallahi faranti ya kusa kifewa. Na waiga hagu da dama, babu kowa a gidan da zan ce wa, “Kin ji?” Sai na kashe rediyon na ci gaba da tsince shinkafata.

Haka muka yi ta yi. Ya gane ba na karatu, bai taɓa rubuto min takarda ya kunyata ni ba. Duk Alhamis gaisuwa, wani mako a ce mai ruwan zafi ta rage rowa, wani mako a ce a gaida mai jiki. Daga baya ya fara zuwa zance da la'asar, mu tsaya a bakin dangar kwatas. Har magana ta kai ga manya.

A ƙa'ida ba uba ake zuwa wa tambayar aure ba, ƙaninsa ko wansa ake samu. To Baba ba shi da ɗan'uwa namiji a Kaduna, sai yayarsa Gwaggo Yalwa da ke aure a Malali. Dole shi zai karɓe su da kansa, da wani maƙwabcinmu. Aka sa ranar Lahadi.

Ranar Juma'ar makon gwiwar ta yi lafiyar da ta daɗe ba ta yi ba. Baba ya je masallaci a keke, ya zauna a ƙasa, ya miƙe ko dafa ƙasa bai yi ba. Ashe Alhaji Ila da Nuhu suna sahun bayansa. Na yi ta hamdala. Asabar Gwaggo ta zo muka kwashe kujerun falo muka kai ɗakin yayana, ta ce mutanen Kawo dattawa ne, tabarma suka sani. Muka shimfiɗa sababbin tabarmi, muka ɗora darduma. Kujerar sallar Baba kaɗai aka bari a lungu, an ɗora mata rediyo. Na soya cincin, na dama kunun gyaɗa, na goge atamfata mai ruwan ganye da ɗankwalinta.

Lahadi da asuba gadon ya yi ƙara. Ya yi shiru. Ya sake ƙara.

Na gasa gwiwar nan har hannuna ya yi ja. Ba ta lanƙwasu ba. Na ce, “Baba, ko a aika a ɗaga?” Ya ce, “Ba a ɗaga wa dattawa rana.”

Da hantsi suka iso, Alhaji Ila da dattawa biyu, da ƙwaryar goro da alewa. Ina bayan labulen ɗakina ina leƙe. Alhaji ya zube a tabarma ya tanƙwashe ƙafa kamar yaro. Baba ya shigo da farar babbar riga, a miƙe, don akwai maƙwabci a wurin kuma shi ma ma'aikaci ne. Ya ba kowa hannu. Ya tsaya a bakin darduma. Na ga ya ɗan sunkuya, na ga yatsun ƙafarsa sun dunƙule, na ga gumi a bayan wuyansa. Sai ya miƙe, ya sauke rediyo, ya jawo kujerar nan ya zauna. Baƙi a ƙasa, mai gida a sama.

“Ku yi haƙuri,” in ji shi a hankali. “Gwiwa.”

Alhaji Ila ya ɗaga kai ya dube shi.

“Gwiwa? Malam, ai ni ne mai gwiwa. Kai da shekaranjiya na gan ka a masallaci kana tashi kamar ɗan tauri?”

“Ranar daban, yau daban.”

“Haka ne. Ranar gaban Allah kake, yau gaban 'yan tasha.”

Da Baba zai ɗage riga ya nuna kumburin da an wuce wurin, amma ga maƙwabci zaune, kuma Baba ba mai ɗage riga ba ne. Suka yi addu'a a gajarce, ko kunun ba su taɓa ba. Alhaji ya miƙe ya ce, “Mun gaishe da babban akawu. Sai mun yi shawara.” Goron ma da shi suka koma.

Gwaggo Yalwa ba ta jira sun sha kwana ba ta shigo ɗakina tana tafa hannu.

“Ke dai wawiya ce, Hansai. Kina tsammanin ciwo ne? Datti ƙanena ne, ni na goya shi. Ciwon da ke zaɓen rana! Ranar masallaci lafiya, ranar albashi lafiya, sai ranar da za a ɗauke masa mai dafa ruwa? Ke ce sandarsa, wa kika taɓa gani ya aurar da sandarsa?”

“Gwaggo, ni na gasa ta da safe.”

“Kin gasa, kin shiga ciki kin ji? Zauna nan. Ƙawayenki na goyon na biyu, ke kina goyon filas.”

Ta tafi ta bar min maganar a ɗaki. Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna. Ranar Talata Baba ya tashi garau, ya hau keke ya tafi ofis. Na tsaya a taga ina kallon ƙafar nan tana taka feda. Kumburi na gani da idona, amma zafi ba a ganinsa. Tunda nake ban taɓa shakkar kunnena ba sai ranar.

Alhamis ta zo, na zauna gaban rediyo tun kafin a fara shirin. Aka gaida na Tudun Wada, aka gaida na Kakuri, aka gaida masu jego da masu jinya. Ba a gaida mai ruwan zafi ba. Wata Alhamis ɗin ma haka. Gidan ya ƙara faɗi. Ni da Baba sai “ina kwana” da “sannu da zuwa”. In na kai masa tuwo ya ce an gode, in koma kicin in ci nawa a tsaye ina kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Sau ɗaya Nuhu ya zo, da la'asar, ko basfar bai kashe ba.

“Baffa ya rantse ba zai sake taka gidanku ba. Ya ce a tasha har an sa masa suna, wai Alhaji na-ƙasa.”

“Kai fa, me ka ce?”

Ya yi ta murza hannun basfa. “Hansai, ni ma ina masallacin nan. Na gan shi da idona. Kuma Baffa tasa ta fi, likita ne ya faɗa.”

“Ka taɓa gasa wa Baffanka gwiwa?”

“A'a. Bai taɓa nema ba.”

“To.”

“To me? Ki yi magana mana. Ke kullum sai ki yi shiru ki bar mutum yana ta zuba.”

Ina da magana, cike da baki ma. Amma in na ce Baba a bango yake tafiya in ya rufe ƙofa, gobe tashar Kawo ta ji, jibi ofis ya ji. Na ce, “Allah ya huci zuciyar Baffa.” Ya dube ni, ya ja basfarsa. Da na juya sai na ga labulen falo yana motsi.

Azumi ya ƙarato. Gwaggo ta aiko cewa in aka shiga azumi ba a daidaita ba, in cire rai, don ta ji ana yi wa Nuhu maganar wata a Kawo. A kwanakin nan gwiwar Baba lafiya lau, kamar da gayya. Na lura kullum da safe yakan zauna a bakin gado ya lanƙwasa ta ya miƙe, ya yi tsaki. Na ce a raina, yau kuma lafiya ce ake yi wa tsaki?

Ranar wata Litinin aka wayi gari da ruwa. Gadon ya yi ƙara, ya yi shiru mai tsawo. Na tashi zan kunna risho sai na ji muryarsa.

“Hansai, kar ki ɗora ruwan.”

Na leƙa. Gwiwar ta yi suntum, har sheƙi take. Ga kaftanin ofis a rataye, amma farar babbar rigar nan ya sa na ciro masa.

“Sa gyalenki. Za ki raka ni Kawo.”

“Baba, yau ba rana ce mai kyau ba.”

“Na sani. Ita nake jira.” Ya numfasa. “In na je ranar da take lafiya na zauna musu a tabarma, ai na gaskata su.”

“Uban mace ba ya bin dangin miji, Baba. Kuma yanzu tasha cike take da ma'aikata masu jiran mota.”

“Duk na sani. Miƙo min hula.”

Ranar Baba ya yi ɗingishi a waje. Tun daga ƙofar gida ya ɗora hannu a kafaɗata, matan kwatas suna leƙe ta taga. Muka sami tasi har Kawo, amma lungun gidan Alhaji yana bayan tasha, taɓo ya hana mota shiga. Dole muka ratsa ta tsakiyar tasha da ƙafa, ina riƙe da lema, shi yana jan ƙafar dama, gefen rigarsa yana sharar taɓo. 'Yan kamasho na ta ihun Zariya, Zariya. Can wani mai kwat da jaka ya fito daga layin masu jiran bas, na gane shi, ofishinsu ɗaya.

“A'a, Malam Datti! Lafiya? Faɗuwa ka yi?”

Na ji yatsun Baba sun matse kafaɗata. Sai ya ce da ƙarfi, yadda ba ya magana, “Gwiwa ce. Ta daɗe.”

A ƙofar gidan na tsaya daga waje, na raɓe jikin bango, don ba ya kyautu a gan ni a gidan su Nuhu. Amma ƙofar zauren a buɗe take, ina ganin komai. Baba ya yi sallama ya dafa bango ya shiga.

Alhaji Ila yana zaune a kan benci. An kifa turmi a gabansa an ɗora ƙafarsa a kai, an naɗe gwiwar da tsohon rawani. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Nuhu na tsugune a gefe da kwanon ruwan zafi, yana matse tsumma kamar mai wankin mota. Da ya ga Baba sai ya miƙe ya rasa inda zai sa ido.

Baba ya tuɓe takalmi ya nufi tabarmar da ke shimfiɗe.

“Malam, tsaya!” in ji Alhaji. “Nuhu, kujera! Maza ka shiga ka ɗauko kujera!”

“Bari, Alhaji. Tabarma na zo zama.”

Ban taɓa ganin zama mai tsawo irin wannan ba. Ya dafa bango da hannu ɗaya, ya miƙar da ƙafar dama gefe, ya fara sauka a kan ta hagu. Hular ta faɗi. Ya kai hannu ƙasa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ko ni ban taɓa ji ba. Sannan ya zube. Ya daɗe kansa a sunkuye, gumi na ɗiga a kan tabarma, kafin ya ɗago ya ce, “Ina kwana, Alhaji. Na zo ban haƙuri.”

Alhaji ya yunƙura zai sauko daga bencin. Ya dafa, ya cije leɓe, ya koma. Ya sake yunƙurawa, turmin ya goce, Alhaji ya yi ƙara ya riƙe gwiwa.

“Wallahi Malam ba raini ba ne. Tun Laraba ko salla a nan nake yi. Haka kawai na kwanta lafiya na tashi kamar an zuba min garwashi. An sake hoto, likita ya ce ba abin da ya ƙaru. Wallahi da zan iya saukowa…”

Sai ya yi shiru, don ya ji abin da bakinsa ke faɗa.

“Na sani,” in ji Baba. “Gwiwa ce.”

Alhaji ya cire hula ya shafa kai, ya mayar. Ya dubi Nuhu ya daka masa tsawa, “Kai kuma ka tsaya kana kallon mutane kamar gunki! Ruwan ma bai iya gasawa ba, Malam, jiya saura kaɗan ya dafa ni.” Ya yi 'yar dariya, ta maƙale. “Bayan ƙaramar salla, in Allah ya kai mu. Ko a kan jaki ne sai an kawo ni gidanka da goron nan. Kai ka hau kujera, ni in hau benci, kowa ya ji da tasa.”

Na jingina kai da bango, ruwan lema na zuba a ƙafata, ban ma sani ba.

Can na ji Alhaji ya sassauta murya. Ban san yana da irin wannan muryar ba.

“Malam, tsakani da Allah. Kai wa ke maka gashin?”

“Yarinyar.”

“Wa kuma?”

“Ita kaɗai.”

“To in mun ɗauke ta fa?”

Sai na ji Baba ya ce, “Hansai, shigo.”

Na ja gyale har goshi, na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Nuhu ya juya fuska wajen bango. Baba yana zaune a tabarma, ƙafa ɗaya a miƙe, rigarsa duk taɓo, kuma na san ba zai iya tashi daga wurin nan ba sai an ɗaga shi.

“Kin ji tambayar Alhaji,” in ji shi. “Ni amsata, a sa rana. Amma ke kika san safiyar gidan nan, ba ni ba. Me kika ce?”

Tunda aka haife ni Baba bai taɓa tambayata abin da na ce ba. Na dubi kwanon ruwan da ke hucewa, na dubi bayan Nuhu, na dubi gwiwar nan.

“Baba, ƙasa da sanyi. Bari in fara tashe ka.”

Na miƙa hannu. Ya mayar da nasa cikin riga.

“Ba zan tashi ba sai kin amsa.”